Telan da Ba Ya Taka Keke da Takalmi

Yayana tela ne, kuma duk layinmu babu mai kiransa da wani suna sai Tela. Har 'yarsa ta cikinsa, idan ta bugo mini waya daga garin da take aure, cewa take yi, "Gwaggo, Tela yana kusa?" Ni kaɗai ke ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini Auta, ko da yake na ba hamsin baya har na ga jikoki uku. Shagona manne yake da nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ina sayar da zare da maɓallai da zif da allurai da fil, wato duk ƙananan abubuwan da tela ke zubarwa a ƙasa sannan ya rantse wani ne ya ɗauke masa. Shekara ashirin da biyu ina jin ƙarar kekensa ta cikin bangon nan, har na kai in na ji sautin na san ko wuyan riga yake ɗinkawa ko ƙafar wando.

Gajere ne, mai tumbi, da tef rataye a wuya ko wanka zai shiga. Hannun tabaraunsa ɗaya ya karye tun ina da cikin ɗana na biyu, ya ɗaure shi da baƙin zare, kuma har yau zaren ne ke riƙe da shi. Kalma ɗaya gare shi ga duk mai kawo ɗinki: jibi. Ka kawo yadi yau, jibi. Ka dawo jibin, ya dube ka ta saman tabarau da mamaki, sai ka ce kai ne ka saɓa alkawari, ya ce ai jibi ya faɗa maka. Ni kaina ban tsira ba. Kayan aurena sai da aka fara yi wa mota lodi ya iso da su a guje, da zare a baki, yana ƙarasa maɓalli na ƙarshe a tsaye. Mutane suna zaginsa a bakin shagona, su sayi maɓalli, su koma su ba shi wani yadin. Dalili kuwa, in ya ga dama ya ɗinka maka riga, za ka sa ta har ta koɗe ba ta saki ko zare ɗaya ba.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu babanmu ya kai shi wurin wani tsohon tela, bayan makaranta ta gaji da shi, shi ma ya gaji da ita. Abin da tsohon ya fara koya masa shi ne ya cire takalmi kafin ya ɗora ƙafa a kan matakin keke. Wannan darasi ɗaya Yaya ya riƙe fiye da duk abin da iyayenmu suka taɓa faɗa masa. Da ya buɗe shago sai ya tuɓe silifa a bakin ƙofa, ba zai ƙara waiwayarsu ba sai zai rufe. Yakan ce shi da tafin ƙafa yake jin keken. In zare zai tsinke ƙafar ce ke fara sani, in igiyar keke ta yi sako-sako ita ke faɗa masa. Na ɗauka kuri ne kawai, har ranar da na ga ya tsaya cak a tsakiyar ɗinki ya ce, "Zaren nan zai tsinke," ya ja shi da yatsa biyu, ya kuwa tsinke a hannunsa. Da keke mai lantarki ya yawaita, 'yarsa ta saya masa guda. Ya gode, ya sa mata albarka, ya mayar da shi teburin ajiye kofin shayi.

Ƙasan shagon tela kuwa, ga wanda bai sani ba, fil ya fi ƙura yawa. Matarsa, wadda duk muke ce wa Mama, ita ce ke maganin wannan. Ta ciro maganaɗisu daga cikin lasifikar wata tsohuwar rediyo, ta ɗaure shi da igiya, kullum da yamma ta zo ta ja shi a ƙasa lungu-lungu, ya fito da fil da karyayyun allurai cirko-cirko kamar bushiya. Tana ja tana mita: "Wata rana almakashi za a ciro maka a ƙafa, kana nan kana cewa jibi." A shekararta ta ƙarshe sai ta koma zuwa sau biyu, da hantsi da yamma. Na tsokane ta, na ce ko soyayyar ce ta dawo sabuwa da tsufa. Ta yi murmushi kawai. Da ta rasu, shekara biyu ke nan, Yaya ya rataye maganaɗisun a ƙusa bayan ƙofa ya hana kowa taɓa shi. Shara kuma ta koma sai ranar da ya tuna.

Ciwon suga ya kama shi shekara takwas da suka wuce, ya kuma ɗauke shi yadda yake ɗaukar mai ɗinkin da ya cika naci. Likita ya ce ya rage suga, ya rage daga cokali huɗu zuwa uku, ya bi layi shago-shago yana ba da labarin irin ƙoƙarin da ya yi. Magani kuwa yana sha in idonsa ya faɗa kansa. Ni nawa ciwon daga baya ya zo, don a gidanmu gado ne, amma ni matsoraciya ce, abin da aka ce in yi shi nake yi. Shi ya sa nake zuwa ajin da ake yi mana a asibiti duk Talatar farkon wata, inda wata nas da kowa ke ce wa Sista take koyar da yadda mai suga zai kula da ƙafarsa. Na yi wa Yaya maganar ajin ya fi sau goma, amsa ɗaya nake samu, kun kuma san ta. Da na gaji sai na shirga masa ƙarya. Na ce asibitin suna neman wanda zai ɗinka musu labule, taga goma sha biyu. Ranar Talata ya riga ni shiryawa, da alli a aljihu.

Ɗakin ajin benci shida ne, da fanka ɗaya mai juyawa don kada a ce ba ta yi ba, a kan tebur kuma an ajiye ƙafar roba mai girman ta mutum. Yaya ya shiga yana ƙirga tagogi, ya samu uku, ya juyo ya dube ni. Kafin ya buɗe baki Sista ta tafa hannu. 'Yar siririya ce da ba ta kai 'yarsa shekaru ba, amma muryarta ta cika ɗakin.

"Kowa ya cire takalmi. Baba mai tef, har da kai."

"Ni labule na zo aunawa, 'yata."

"To, ka auna ba takalmi."

Ya zauna kusa da ni yana huci. "Auta, za mu koma gida ai," ya ce ƙasa-ƙasa.

Sista ta ɗaga ƙafar robar. Ta ce suga in ya daɗe yana yawa a jini yakan cinye jijiyoyin ƙafa a hankali, har mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai ji ba, kuma ciwon da ya samu ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa. Tunda ƙafar ta daina kai ƙara, in ji ta, dole ido ya karɓi aikin. Kullum a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi.

"Wanda tumbi ya tare wa hanya fa?" in ji wani direba daga bencin baya, yana kallon Yaya.

"Tumbina bai taɓa tare wa kowa hanya ba, motarka ce ke yi," in ji Yaya, ko juyawa bai yi ba.

Sista ta bar dariyar ta lafa ta ci gaba. Kada a yi tafiya ba takalmi, ko a cikin ɗaki ne. Kafin a sa takalmi a zura hannu a laluba, ko tsakuwa ta faɗa ciki. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu, don ƙafa tana iya dahuwa a bokiti mai ita yana rera waƙa. A goge tsakanin yatsu ya bushe sarai, a shafa mai a tafi da diddige, amma ban da tsakanin yatsun. Da ta zo kan farce ta ce a yanke shi a miƙe, kada a bi kwana. Nan kam Yaya ya gyaɗa kai, ya ce yarinyar ta san yanka.

"Akwai mai kanta a ƙafa?" ta tambaya.

Yaya ya ɗaga hannu da alfahari. "Tawa ta shekara arba'in."

"Me kake yi mata in ta yi kauri?"

Ya zaro reza daga aljihun gaba, wadda yake fere alli da ita. "Duk ƙarshen mako nake rage ta."

Sista ta miƙo hannu, ya ba ta don ta gani, ta jefa ta kwandon shara. Ya bi rezar da kallo har ta sauka. "Sabuwa ce fa," ya ce.

Daga nan aka shiga gwaji ɗaya bayan ɗaya. Mutum zai hau gado, ya miƙe ƙafa, ya rufe ido. Sista tana da wani ɗan zaren roba mai tauri, tsawon yatsa, sai ta dangwala shi a tafin ƙafa wuri goma, duk inda ka ji ka ce ka ji. Direban nan huɗu ya ji. Ni na ji tara, na sauko ina hura hanci. Da aka zo kan Yaya sai da ya karɓi zaren ya murza, ya ce wannan ko maɓalli ba zai riƙe ba, sannan ya kwanta.

"Na ji. Na ji. Na ji."

Goma cif ya kawo. Amma ni ina tsaye ta wajen kansa, na ga abin da yake yi. Idonsa na hagu bai rufu duka ba, irin kannewar da yake yi in zai zura zare a allura, kuma kafaɗar Sista yake kallo. Mutumin da ya shekara arba'in yana auna kafaɗun jama'a, da kafaɗa ta motsa ya san hannu ya tafi. A na takwas ma har ya yi gaggawa.

"Baba, ban kai ga taɓa ka ba ka ce ka ji."

"Ƙafar tela ce, 'yata. Tun daga nesa take ji."

Ɗakin ya fashe da dariya, ban da Sista. Ta dubi layin mutanen da ke jira, ta rubuta wani abu a katinsa, ta ce ya dawo mako mai zuwa ta sake gwada shi shi kaɗai. Ya ce mata jibi ma zai zo.

Nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. Na ga ya yi maguɗi, na ja bakina na yi shiru. Ban ma tsaya nan ba, na dawo layi na baza labarin yadda Tela ya ci jarrabawar asibiti da satar amsa, mai kantin layinmu ya yi dariya har da hawaye. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina abin da zai sa mutumin da ke kuri da ƙafarsa ya buƙaci leƙe ba.

Bai koma wurin Sista ba. Makarantu suna gab da buɗewa, kayan 'yan makaranta suka taru masa har suka binne keken lantarkin nan, riguna da wanduna da siket, kowanne an kafe shi da fil. Dama ya kai shekara uku yana ƙorafin zarena ya lalace, amma a makonnin nan abin ya yi yawa. Keken zai ɗauka ya tsaya, in ji tsaki, sannan in ji an bugi bango.

"Auta! Zaren nan naki ruɓaɓɓe ne!"

"Zaren da ka shekara ashirin kana ɗinki da shi? Idonka dai ya ruɓe!"

Wata Alhamis da rana ya kwaɗo mini kira ta bango wai in kawo masa fil. Na shiga hannu wofi. Na ce fakiti uku ya kwasa a wata ɗaya, duk ga su nan a ƙasa suna kallonmu. Yana zaune ya juya wa keken baya yana shan ruwa, goshinsa duk gumi, ya ce zazzaɓi ne ke ɗan taɓa shi tun jiya. Shagon yana wani ɗan wari, na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan yadudduka. Na miƙa hannu bayan ƙofa na sauko da maganaɗisun.

"Mayar da shi."

"In na gama."

"Auta, na ce ki mayar."

"Da mai shi tana nan da ta ja maka kunne. Ɗaga ƙafa."

Ya ɗaga ƙafafun biyu yana ci gaba da faɗa, wai tun ina yarinya ba na jin magana, wai Innarmu ce ta ɓata ni. Na wurga igiyar ta ƙarƙashin kujera. Maganaɗisun ya yi lilo, ya karkata da kansa, ya manne a tafin ƙafarsa ta dama, ƙas, daidai gindin babban yatsa. Ya tsaya nan yana reto. Na ja igiyar a hankali, na ga fatar tana biyowa. Yaya yana nan yana karanto mini tarihin rashin kunyata, bai san an yi ba.

Na durƙusa na kama ƙafar, na ji ta da zafi kamar dutsen guga. Fil ne ya shige ta cikin kantar a karkace, ya lanƙwashe, kansa kawai ya rage a waje. Kewayensa ya kumbura ya yi baƙi, yana tsattsafo da ruwa, babban yatsan kuma ya canza launi. Warin da na ɗora wa ɓera daga nan yake fitowa. Fil ɗin shagona ne, ni na miƙa masa shi da hannuna.

"Mene ne?" ya ce. Ya ga fuskata, faɗan ya tsaya.

Na ciro madubin gwajin kaya daga bango na kara masa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, da muryar nan da yake sallamar masu ɗinki, "Miƙo mini filaya da man keke. Yanzu zan cire shi in ƙarasa siket ɗin nan."

Ban miƙa masa komai ba. Na ɗauki babban almakashinsa, wanda ko Mama ba ta isa ta yanka takarda da shi ba, na datse igiyar keken gida biyu. Ya kurma ihun da bai yi wa fil ba. Na bar shi yana yi, na fita na tare motar haya.

Sista ce ta fara ganinmu a barandar asibiti. Na jira ta ce ai ta faɗa, ba ta ce ba. Ta turo kujera mai taya ta ce, "Baba, hau," ya hau ba musu, wannan kuwa ya fi ƙafar tsorata ni. Likita ya cire fil ɗin ya wanke ciwon, ya ce aƙalla ya kwana huɗu a ciki. Aka ɗaura masa ruwa da magani ta jijiya. Babban yatsan, in ji likita, ya riga ya mutu, gobe da safe za a cire shi. Abin da ake ƙoƙarin ceta yanzu shi ne sauran ƙafar. Ya zaro biro ya zana layi a fatar, ya bi iyakar inda kumburin ya tsaya, ɗan sama da idon sawu. Ya ce in kumburin bai ƙetare layin nan ba an tsira da ƙafa, in ya ƙetare kuma sai a sake zama.

Yaya ya ƙura wa layin ido. "Likita, ba sai ka sakaya ba. Shekara arba'in ina zana layi a jikin yadi, na san abin da ke biyo bayansa."

Kwana uku muka yi muna gadin layin biro. 'Yarsa ta iso washegari bayan an cire yatsan, ta faɗa kan gadon tana kuka, ya ce ta matsa kada ta jiƙa layin ya goge. Masu kayan makaranta suka biyo shi har asibiti, wasu dubiya, wasu dubiya da 'yar tambaya a ƙarshe. Kowa amsar nan ya samu, sai dai yanzu in ya faɗa ba ya kallon mutum.

A rana ta biyu da yamma 'yar ta fita karɓo magani, muka rage mu biyu. Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Bai yi kamar bai gane ba. "Shekara uku. Da farko kamar tururuwa na yawo a ciki. Daga baya kamar na sa safa mai kauri. Daga nan shiru."

"To da me kake ɗinki?"

"Da kunne. Shi ya sa zare ke tsinke mini. Zarenki ba abin da ya yi."

"Mama ta sani?"

"Ita ta gano. Ruwan zafi ya zube mata a ƙafata, ta ga ban motsa ba. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Shi ne ta koma zuwa sau biyu."

Na tuna tsokanar da na yi mata, kunya ta rufe ni. Sai kuma haushi ya taso mini. "To kai da ka san ƙafar ba ta ji, me ya hana ka sa takalmi? Tunda ta daina jin keken, cirewar ta mece ce?"

Ya daɗe yana kallon silin. "Ƙarfen nan da safe sanyi gare shi, Auta. Kullum in na buɗe shago sai in ɗora ƙafar a kai in ɗan jira, ko yau za ta ji. In na sa takalmi, ranar da ta dawo ta ina zan sani?"

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan sauke shi. Na fita baranda na sha kukana, na wanke fuska, na dawo na ce masa fankar ɗakin ce ke sa mini hawaye. Ya ce ai fankar a kashe take.

A rana ta uku kumburin ya ja baya ya bar layin da faɗin yatsa biyu. Yaya bai yarda da idon likita ba, sai da ya sa aka miƙo masa tef ya auna da kansa. Bayan mako uku aka sallame shi da yatsun ƙafa tara. Ranar da aka kwance bandeji ya ga ɗinkin da aka yi masa, ya dubi likita ta saman tabarau. "Wa ya koya maka ɗinki?" Likita ya ce a makaranta ya koya. "Na ga alama. Ka biyo ta shago in nuna maka yadda ake kashe bakin zare."

Sai da ya yi wata biyu kafin ya koma kan keke, kuma ni na ɗaura masa sabuwar igiya da hannuna, yana tsaye a kaina yana cewa na ja ta da yawa. Siket ɗin nan kuwa, kafin a gama shi yarinyar ta ƙara tsawo. Yanzu cikin takalmi sau-ciki mai faɗin baki yake ɗinki, da farar safa, fara don in wani abu ya tsattsafo a gani. Ya ce ya yi kama da ɗan makarantar da ya maimaita aji sau arba'in. Kafin ya sa takalmin sai ya zura hannu ya laluba, ya kife ya kakkaɓe, ranar farko ma maɓalli biyu suka faɗo. Madubin gwajin kaya bai koma bango ba, yana jingine a ƙasa inda Yaya ke duba tafinsa safe da yamma. Duk wanda ya zo gwada riga ƙwaurinsa kawai yake gani, in ya yi ƙorafi Yaya ya ce ya yarda da shi, rigar ta zauna. Maganaɗisun Mama ni na gaje shi, sau biyu a rana, har da mitar.

Wata Talatar farkon wata na fito zan tafi aji, na same shi a bakin ƙofa da ƙunshi a hammata. Na tambaya, ya ce ba ruwana. Sai da muka shiga ɗakin ya warware. Labule ne, ƙarami, shuɗi, da zobba da igiyarsa. Ya sa direban nan ya hau benci ya ɗaura igiyar daga ƙarfen taga zuwa ƙusar kalanda, labulen ya ratsa gadon gwaji ta tsakiya, kan mutum a gefe ɗaya, ƙafafunsa a ɗayan.

"An ce mini labule kuke nema," ya ce wa Sista, yana hararata. "Rufe ido ba ya hana komai, 'yata. Duk mutanen nan maƙaryata ne, ni na san halinmu."

Karo na farko ke nan da na ga haƙoran Sista. "To, Baba, wa zai fara?"

"Wanda ya ɗinka."

Ya cire takalmin, ya cire safar ya ninke, ya hau gadon ya ja labulensa. Wannan karon ta wajen ƙafafun na tsaya. Sista ta dangwala zaren a diddige, ba a ce komai ba. Ta dangwala a tsakiyar tafin har zaren ya lanƙwashe, nan ma shiru. Ta bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake inda yatsan yake a da, ta koma ƙafar hagu. Ba mai ko tari a ɗakin, har direban. Ta gama ta mayar da zaren cikin kwalinsa.

Daga bayan labulen muka ji muryarsa. "'Yata, kin fara kuwa?"

"Na gama, Baba."

"To, rubuta abin da kika gani." Sannan ya ɗaga murya. "Auta, miƙo mini takalmina. Ki zura hannu tukuna."